Ɗakin Shiru da Bayan Kawu Sale

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na tayar da unguwarmu ta Kilomita Biyar da durom ɗaya da taɓarya ba. Ko na so in manta ma 'yan unguwa ba za su bar ni ba. Har yau in na bi ta Titin Koudoukou akwai tsofaffin da suna hango ni sai su kai hannu baya su fara susa suna murmushi.

A shekarun da sojoji suka yi ta bore a Bangui ne. Yau a ce an sasanta, jibi ka ji harbi daga can cikin gari, kowa ya ja ƙofar shagonsa. Ni a lokacin ina da shekara ashirin da bakwai, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta, wanda muke kira laboratuwar. In an tambaye ni aikina sai in gyara murya in ce mataimakin mai bincike ne ni. (Kwalabe nake wankewa, in share ƙasa, in riƙe wa malami bokiti.) Amma ina da farar riga mai aljihu uku, kuma da ita nake dawowa unguwa ko rana ta take tsaka. Shi ya sa aka laƙaba mini Furofesa. Ni kuwa na ɗauka girmamawa ce, har amsawa nake da ɗaga hannu.

Mu biyu ne a gida, ni da Inna. Babana ya daɗe da rasuwa, a nan Bangui aka binne shi. Ni ne ɗan farin Inna, kuma ni kaɗai Allah ya bar mata, saboda haka tun da na zo duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Kunyar ɗan fari irin ta mutanen da ce, ba ta sassauta ba ko da wasa. "Wancan" take ce mini. In ta so tsokana ta ce "mai farar riga".

Tun da aka fara harbe-harben nan Inna ta daina barci, ta daina cin abin kirki, jininta ya hau. Ana cikin haka sai yayanta, Kawu Sale, ya iso daga Maraɗi. Ɗan kasuwa ne, yakan zo da atamfofi ya yi wata biyu ya koma, kuma mutum ne da in ya yi magana ba ya son a maimaita masa tambaya. Ya dube ta sau ɗaya ya ce, "Hajara, haɗa kayanki. Akwai motar da za ta bi ta Kamaru Asabar ta sama. Ba zan bar ki ƙarar bindiga ta kashe ki a garin mutane ba."

Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Yaya." Ba ta taɓa yi masa musu ba. Amma na san ba ta so, don ta sha faɗa cewa inda aka kwantar da mijinta nan take fatan a kwantar da ita. Ni ma ban so ba. Tafiyar kwana da kwanaki ce a kan mummunar hanya, ga hawan jini, kuma zuciyata ta ba ni in Inna ta hau motar nan da wuya mu sake ganawa.

Sai bakina ya riga hankalina, kamar yadda ya saba. Na ce, "Kawu, ƙara ce matsalar, ko? A ba ni kwana goma. Zan yi mata ɗakin da ko igwa aka harba a ƙofar gida ba za ta ji ba."

Ya ce, "Da me?"

Na ce, "Da ayaba."

Ya dube ni, ya dubi Inna, ya sake dubana. "Ayaba."

"Ayaba, Kawu. Kimiyya ce."

Ya ja casbi, sannan ya ce, "Juma'a in mun sauko daga masallaci zan zo in ji da kunnena. In na ji shiru, ta zauna. In na ji ko tarin mutum ne, Asabar muna mota."

Kada ku ɗauka ƙarya na shara masa. Abin gaskiya ne, da idona na ga malaminmu ya yi. Ana sare kututturen ayaba a ɓare shi, a kankare da bayan wuƙa har zaren ya fito. Sai a jiƙa zaren cikin ruwan soda, irin wadda ake sabulu da ita. Sodar ce ke cinye danƙo da maiƙon da suka lulluɓe zaren, ya rarrabu, ya yi kaushi, ya buɗe 'yan ƙofofi ƙanana. In aka shanya shi aka danne aka manna a bango, sauti na zuwa sai ya shige cikin ƙofofin nan ya mace. Duk wannan na haddace shi tsaf. Abin da ya wuce ni shi ne bayanin da malam ya yi a ƙarshe, cewa wannan aikin amsa-kuwwar cikin ɗaki yake kashewa, ba ya tare ƙarar da ta taso daga waje. (Lokacin da yake wannan bayanin ina bayan ɗaki ina zubar da bokiti.)

Na ari pus-pus, wato amalanken turawa, na riƙa fita tun da safe zuwa lambunan bayan gari neman kututturen ayaba. Makaranta dai a rufe take. Na ratsa shingayen sojoji ba sau ɗaya ba, su leƙa su ga ruɓaɓɓen kututture, su dubi farar rigata, su kwashe da dariya su ce in wuce. Wata rana harbi ya ritsa da ni a hanya, na kwanta cikin kwata na kusan awa biyu, amma ban saki pus-pus ɗin ba. Duk ranar da na dawo sai in tarar da Inna a tsaye bakin ƙofa, tana ganina ta juya ta shige. Na ce a raina, Allah sarki, ta ƙosa ta ga aikin ɗanta.

Sodar kuwa a wurin maƙwabciyarmu Mama Zara na samo. Mai sabulu ce, haifaffiyar Bangui, Hausarta rabi Sango, yaren garin. Ta auno mini a kwano, ta riƙe kwanon ba ta saki ba.

"Furofesa, soda ba ta san ɗan boko ba fa. In ka tsame, ka ɗauraye sau bakwai, ka bi da ruwan lemon tsami. In ya bushe ka ɗan taɓa da bakin harshe. In ya cije ka, da saura, ka koma rijiya."

Na yi 'yar dariyar manya na ce, "Mama, mu a laboratuwar ba ma lasar kayan aiki."

Ta saki kwanon ta ce, "To, madalla da laboratuwar."

A makon ne famfo ya ɗauke ƙaf. Rijiya ɗaya muke sha da gidaje huɗu, ruwan ya yi ƙasa, mata na layi tun asuba. Na ja guga na ɗauraye zaren sau ɗaya, na ga idanun matan a kaina. Na ɗauraye na biyu, wata ta yi tsaki. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa sau bakwai ai ƙa'idar masu sabulu ce, mai ilimi biyu ta ishe shi. Lemon tsami kuwa ko tunawa da shi ban yi ba. Da zaren ya bushe na ga wani farin gari-gari ya fito a jikinsa. Na murza, na ce wannan alamar aiki ya kama ne.

Na danne zaren cikin firam na katako, na rufe da tsofaffin buhuna, na bi bangon ɗakin Inna na kafa tun daga sama. Da na iso layin ƙasa buhuna suka ƙare, sai na bar zaren tsirara, na ce ai ƙasa ne, wa zai duba. Na toshe taga da ragowar. Inna ta koma ɗakina kafin a gama, don haka babu wanda ya taɓa jingina da bangon. Ranar Alhamis na tsaya tsakiyar ɗaki na tafa hannu. Wallahi tafin ya mutu nan take, ko ɗigon amsawa babu. Na yi tari, shi ma ya mace. Na fito ina tafiya kamar wanda ya dawo daga Makka.

Juma'a ta zo da wani irin zafi mai ɗanko, irin wanda ake yi kafin ruwa ya sauko. Kwana huɗu ba a ji harbi ba, kasuwa ta cika, mutane sun fara sakin jiki. Kawu ya taho daga Masallacin Koudoukou da abokinsa Alhaji Mamman mai goro, ya ce shi ne shaida. Na shimfiɗa musu tabarma a tsakiyar ɗaki, Inna ta zauna daga gefe, na ja ƙofa na rufe. Ɗaki ba taga, ba iska. Kafin in gama gabatarwa gumi ya karyo musu, suka tuɓe manyan riguna suka bar 'yan ciki. Ni ko a jikina. Na yi kusan rabin awa ina bayani, ina jefa kalmomin Faransanci inda ba a neme su ba.

Kawu ya goge wuya ya ce, "Kai, duk mun ji. Ina shirun?"

Na ce, "Bari in kawo muku ruwa tukuna."

Ba ruwa zan kawo ba. Dabarata ita ce in fita in yi ƙarar da ta fi ta bindiga ba tare da sun sani ba, in dawo in tambaye su ko sun ji wani abu, su ce a'a, sannan in fito da hujja. Tun da safe na mirgino wani durom na ƙarfe da babu komai a ciki, na ajiye shi a lungu, bakin ƙofar gida. Ban gaya wa kowa ba, ko Mama Zara. Na ɗauki taɓaryar Inna, na naɗe hannun farar riga, na ba titi baya, na ce bismilla.

Dam! Dam! Dam! Sannan na bi da wasu a jere, da sauri-sauri, don ya yi kama da na gaske. (Ya kuwa yi kama. Wannan ɓangaren na aikin dai ba wanda ya taɓa kushe shi.)

Daga baya aka ba ni labarin abin da ya faru a bayana. Wata mata ce ta fara kurma ihu da Sango, "Ala kpe!" wato ku gudu, shi ke nan kowa ya ranta a na kare. Masu shaguna suka riƙa jan ƙofofi, mai tsire ya bar tukubarsa, mai makala, fanken garin ke nan, ta kifar da tire. Wata tasi ta koma da baya har bakin babban titi ƙofarta a buɗe. Ni kuwa ina can na duƙufa ina ta luguden durom. Da na gaji na waiwayo, sai na ga lungu fayau, ba kowa sai takalma warwatse da wata akuya. Ko a nan ban gane ba, na ce ikon Allah, yau mutane sun shige da wuri.

Na saɓa taɓarya a kafaɗa, na tura ƙofar ɗaki ina washe baki, na ce, "To, jama'a, kun ji wani abu?"

Duk wanda ya zauna a Bangui a wancan lokacin ya san ƙa'ida: in an fara harbi ka zube ƙasa ka manna bayanka da bango. Haka na tarar da su. Kawu da Alhaji Mamman sun bar tabarma, sun liƙe da layin ƙasan nan da na bari tsirara, 'yan cikinsu sharkaf da gumi. Hular Alhaji tana tsakar ɗaki, bakinsa na ta salati. Inna ce kaɗai ba ta jikin bango. Tana durƙushe daf da ƙofa, Kawu ya miƙo hannu ya damƙe bakin zanenta.

Kawu ya daka mini tsawa, "Duƙa, ɗan nan! Rufe ƙofa! Sun shigo unguwa!"

Na ce, "Kawu... ni ne."

"Kai ne wa?"

Na sauke taɓaryar a hankali na nuna masa.

Shirun da na yi alkawari sai a lokacin ya sauka. Ban taɓa jin shiru mai kyau irinsa ba, don bangon nawa ya shanye ko numfashi. Na tsaya tsuru-tsuru, ina fatan ƙasa ta tsage in shige.

Alhaji Mamman ne ya fara motsa kafaɗa. Ya goga bayansa da bango, wanda shi ne mafi munin abin da zai yi. Ya ce, "Alhaji Sale, anya ba cinnaku a ɗakin nan?" Kawu ya buɗe baki zai zage ni, sai ya gantsare ya ce, "Kai! Kai! Wani abu na ci na!" Kafin in ce wani abu dattawa biyu sun yi waje a guje suna fizge riguna. Bayansu ya yi jawur, sawun zaren ya kwanta layi-layi. Gumi ne ya jiƙa sodar da ban ɗauraye ba, ta farka ta kama aiki.

A daidai lokacin ne mutanen unguwa suka fara fitowa daga maɓoya, suka ga durom, suka biyo sawu har tsakar gidanmu. Mama Zara ce a gaba, ɗankwalinta a hannu. Ta dubi bayan Kawu, ta shiga ɗakin, ta tsinko zare ɗaya ta taɓa da bakin harshe, ta tofar.

Ta ambaci Allah da Sango, "Nzapa! Furofesa, sau nawa ka ɗauraye?"

Na ce a ƙasa-ƙasa, "Biyu."

"Ɗaga murya, laboratuwar ba ta ji ba."

"Biyu, Mama."

Ta ce a kawo ruwa maza. Matan nan da suka yi mini tsaki su suka matsa suka ba ni guga. Aka durƙusar da Kawu da Alhaji a bakin rijiya ba riga, a gaban rabin Kilomita Biyar, ni ina ja ina kwarara musu a baya, Mama Zara na tsaye tana ƙirgawa da ƙarfi. Sai da kowannensu ya sha guga bakwai cif, sannan ta matse lemon tsami a na ƙarshe ta ce in bi da shi. Ruwan da na yi wa zaren rowa duk a bayan Kawu ya ƙare. Mai unguwa ya zo ya wanke ni tas, ya sa na bi lungu ina tsince takalman mutane ina kai musu gida-gida, farar rigata a jiƙe.

Da la'asar gida ya watse. Kawu na kwance rub da ciki a tabarma, an shafa masa man kaɗe. Ni ina rakuɓe a bakin zaure, na riga na sallama. Na kunyata, kuma na jawo wa Inna tafiyar da nake gudu, wannan ya fi kunyar ci mini rai.

Kawu ya ce, fuskarsa a tabarma, "Hajara, kin gani dai. Haɗa kaya, gobe da sassafe."

Inna tana tsintar shinkafa a faifai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ba zan je ba."

Kawu ya ɗago kai har sai da ya yi 'yar ƙara don zafi. "Me kika ce?"

"Dubi abin da wancan ya aikata ina cikin gida. In na tafi fa, wa zai tsare shi?" Ta watsar da tsakuwa ɗaya. "Kuma ni ba ƙara ke hana ni barci ba. In aka yi harbi wancan yana waje, shi ne ciwona. Kwana goman nan da ya yi yana yawon ayaba sun fi duk na baya wuya. Ya toshe mini ɗaki, ta ina zan ji shigowarsa?"

Ta ɗauki faifanta ta shige madafa. Kawu ya bi ta da kallo. Can ya yafito ni da yatsa, na matso na durƙusa, ina jiran mari.

Ya ce, "Lokacin da kake haukan durom ɗin nan, ka ji ta?"

Na ce, "Wa?"

"Uwarka. Da ƙyar na riƙe ta, waje za ta fita cikin harsashi. Sunanka take kira. Sau uku, da ƙarfi. Ni tun da aka haife ka ban taɓa ji a bakinta ba."

Na ce ban ji ba. Na juya baya don kada ya ga idona.

Asabar Kawu ya hau mota shi kaɗai. An ce har iyakar Kamaru a duƙe ya yi tafiyar, bai yarda bayansa ya taɓa kujera ba. Inna ta zauna. Na ɓalle zaren daga bangonta, na buɗe taga, kuma daga ranar in gari ya fara ɗaukar zafi ina gida kafin a yi harbin farko, in riƙa tari a tsakar gida don ta san ina nan. Barcinta ya dawo ba tare da ayaba ba.

Ni dai har gobe ina nan a kan bakana, kimiyyar ba ta da laifi. Da famfo ya dawo na sake wanke zaren sau bakwai, na bi da lemon tsami, na rufe ido na lasa a gaban Mama Zara. Muka kafa shi a wani zauren karatu da surutu ke yi wa yawa, ya yi aiki lafiya lau, ba wanda bayansa ya yi ko ƙaiƙayi. Abin da na koya bai wuce biyu ba: in mai sabulu ta ce bakwai, to bakwai ne, kuma kafin ka yi wa mutum maganin ƙara ka tambaye shi wace ƙarar ce ke damunsa.

Inna ta ƙara shekaru masu yawa a Bangui kafin Allah ya karɓi abarsa, aka kwantar da ita inda take so. Na sha yin dabara ko za ta sake kiran sunana, in laɓe a bayan ƙofa in ƙi amsa kira, amma "wancan" ne dai har ƙarshe. Rana ɗaya tak ta kira sunana a duniya, Alhaji Mamman mai goro ma ya ji, ni kuwa ina waje ina dukan durom.